Yadda Ake Fito da Dabarun Ma'aikata a Kuma Adana Su: Darasi Daga Gidan Burodi

Shekarar da na fara riƙe gidan burodi a Kano, babban mai kwaɓinmu ya tafi garinsu ta'aziyya a tsakiyar hunturu, ya yi kwana tara. Fulawar ita ce dai wadda muka saba saye, yis ɗin shi ne, tandar ma ita ce, amma a kwana taran nan burodinmu bai tashi yadda ya saba ba ko sau ɗaya. Masu shayi suka fara dawo mana da shi. Da dattijon ya dawo na kai masa kuka, sai ya tsoma hannu cikin durom ɗin ruwa ya ce, "Alhaji, da wannan ruwan kuka kwaɓa? Ai in sanyi ya sauka sai an sirka." Ashe shekara da shekaru yana sirka ruwan da asuba kafin kowa ya iso. Bai taɓa faɗa ba, ba kuma wanda ya taɓa tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani yaro cikin masu wanke gwangwani ya san da haka. Kullum yana ganin ana ɗora tukunyar, ya kuma ga muna ta tafka asara, amma ya yi shiru. Da na tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, gani na yi ba hurumina ba ne."

Tun daga ranar nake bin hanyar da zan zayyana a nan. Na bi ta a gidan burodi, na kuma taya abokai kafa ta a shagon ɗinki, da wajen injin casar shinkafa, da garejin gyaran mota. Misalaina na burodi ne domin shi na fi sani, sai ka juya su zuwa sana'arka.

Abu biyu da za ka riƙe tukuna

Abu na farko, sanin aiki iri biyu ne. Akwai wanda ake faɗa da baki a rubuta a takarda: buhun fulawa mai kilo 50, sukari kaza, gishiri kaza. Akwai kuma wanda yake zaune a hannu da ido da hanci, wanda mai shi kansa ba ya iya zayyana shi. Mai gashi zai kai hannu bakin tanda ya ce ta yi, in ka tambaye shi ta yaya ya sani, ya ce ai ana ji. Wannan na biyun shi ne mai tsada, shi ne kuma yake fita ƙofa tare da mai shi.

A 1985 injiniyoyin kamfanin Matsushita na birnin Osaka a Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, suna fama da ƙera injin yin burodi na cikin gida. Sai ɓawon burodin ya ƙone, cikinsa bai gasu ba. Har hoton kwaɓi suka ɗauka da na'urar hoton ƙashi, suna kwatanta na inji da na gwanaye, ba su gano komai ba. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zama 'yar koyo a wajen shugaban masu burodi na wani babban otal a Osaka. Tana aiki kusa da shi ta lura yana jan kwaɓin yana murɗa shi a lokaci guda. Shekara guda suka yi suna gwadawa kafin injin ya iya kwaikwayon wannan murɗar. Abin da na'ura ta kasa gani, tsayuwa kusa da gwani ta nuna shi.

Abu na biyu da za ka riƙe shi ne halin shugaba. A 1939 Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka sun raba yara 'yan kimanin shekara goma rukuni-rukuni suna aikin hannu, suka ba su shugabanni iri uku: mai ba da umarni kawai, mai shawara da su, da mai sakar musu su yi yadda suka ga dama. Yaran mai umarni sun yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, yana fita sai aikin ya yi sanyi. Na mai shawara sun ci gaba ko ba ya nan, aikinsu kuma ya fi nuna dabarar kansu. Waɗanda aka sakar wa su suka fi kowa ƙarancin abin kirki. Umarni yana da wurinsa. In tanda ta yi zafi kwaɓi ya tashi, ba lokacin jin ra'ayi ba ne, a loda kawai. Amma maigidan da bai san wata murya ba sai ta umarni, zai samu masu aiki da hannu, kawunansu kuwa a gida suke barin su.

Kayan da za ka tanada

- Littafi mai bango mai ƙarfi, irin na lissafin kanti, guda biyu. Ɗaya na "yadda muke yi", ɗaya na shawarwari da gwaji. Ka ɗaure biro da zare a jikin kowanne, in ba haka ba kwana biyu ya ɓata.
- Allo da alli a bangon da kowa ke wucewa. In babu allo, kwalin da aka buɗe aka manna a bango ya isa.
- Waya mai ɗaukar hoto da murya. Ba sai mai tsada ba.
- Abin awo na sana'arka. A wajenmu sikeli ne da ma'aunin zafi da agogo. In ba ka awo, gardama ce za ta raba ku a kan ko dabara ta yi amfani, kuma mai babbar murya ne zai ci.
- Ɗan kuɗin gwaji da ka ware a wata, wanda ko ya salwanta ba za ka yi fushi ba. A gidan burodi, kuɗin rabin buhun fulawa ya isa farawa.
- Minti 15 sau ɗaya a mako, a cikin lokacin aiki, wanda kake biya.
- Mutum ɗaya mai riƙe littattafan. Ka zaɓi wanda ma'aikata suke sakewa da shi. Kada ka ba ɗanka ko ƙanenka, domin duk abin da aka gaya masa za a ɗauka kai ƙara ne.

In da yawa cikin mutanenka ba sa rubutun boko, kada hakan ya tsayar da kai. Wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya aiko da saƙon murya a rukunin WhatsApp, mai riƙe littafi ya kwafe. Sai dai kada ka bar ilimin a WhatsApp kaɗai. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, saƙo kuma na nitsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a.

Mataki na 1: Fara da fuskarka da bakinka

Wannan shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa, shi ne kuma wanda in aka tsallake sauran ba sa aiki. Kafin ka sanar da komai, ka yi mako biyu kana lura da kanka. Duk lokacin da ma'aikaci ya kawo maka labari mara daɗi, cewa bel ɗin injin murji ya tsinke ko gwangwani ashirin sun ƙone, me ya fara fita daga bakinka? In "wa ya yi?" ne, to ka san dalilin da ake ɓoye maka abubuwa. Ka mayar da ita "me ya faru?" Kalma ɗaya ce ta canza, amma ta farko neman wuyan da za a kama take, ta biyu neman dalili.

A wajenmu akwai ƙarin nauyi. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya gyara wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na son ta ɓace. Sai dai a wurin aiki takan sa mai shekara ashirin ya ga rami ya yi shiru don mai shekara hamsin ne ke gaba. Ga kuma tsoron abokan aiki, kada a ce masa mai iyayi ko mai neman suna wajen oga. Cewa "ƙofata a buɗe take" ba ta warware wannan, domin ba mai shigowa. Kai za ka tashi ka je inda suke. Ka tsaya wajen mai yanka kwaɓi, ka gaishe shi, ka tambayi gida, sannan ka yi masa tambaya ƙarama wadda za ta amsu: "A aikin nan naka, mene ne yake cin lokacinka a banza?" Kada ka ce "kana da wata shawara?" domin amsar da za ka samu ita ce "ba komai, Alhaji, komai lafiya."

Sannan ka faɗi kuskurenka ɗaya a gabansu, na gaske. Ni na fara da cewa ni na sayo yis mai araha da ya ba mu wahala, ba laifin masu kwaɓi ba ne. Ranar na ga kafaɗu sun sauka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi fara'a kwana uku, a rana ta huɗu a wanke wani tas a gaban jama'a. Tsawa ɗaya a bainar mutane tana goge wata guda na shimfiɗar fuska. In faɗa ya kama, ka ja mutum gefe.

In kai manaja ne akwai maigida a samanka mai zafi, ka fara da sashenka kawai, ka kuma zama katanga tsakaninsa da mutanenka har sai ka samu sakamako ɗaya da za ka nuna masa a lissafi.

Mataki na 2: Gano inda ilimi ya maƙale

Ka ja layi a allo. A hagu ka jera ayyukan gidan ɗaya bayan ɗaya: awon kayan haɗi, kwaɓi, murji, yanka da awo, jiran tashi, hura tanda, gashi, shan iska, sa leda, rarrabawa, gyaran janareta. A dama ka rubuta mutum nawa ne suka iya kowanne ba tare da an tsaya a kansu ba. Duk inda ka ga mutum ɗaya, ka zagaye shi. Nan ne za ka kwana da yunwa ranar da ya yi zazzaɓi. Kada ka manta da ilimin da ba na cikin gida ba: direban rarrabawa shi kaɗai ya san mai shayin da ke biya a kan lokaci da unguwar da burodi ke kwantai ranar Litinin.

Ka zaɓi guda biyu kawai ka fara da su.

Mataki na 3: Ɗebo abin da ke hannun gwanaye

Nan aikin yake, nan kuma ake ɓata dangantaka in ba a bi a hankali ba. Ka sani gwani yana da dalilin riƙe sirrinsa. Abin da ya sani shi ne garkuwarsa, yana tsoron in ya koyar a kawo yaro mai rabin albashinsa a sallame shi. Kuma ya ga an yi wa wasu haka. Don haka kafin ka zo da littafi, ka zauna da shi ku biyu. Ka ce, "Baba, so nake abin da Allah ya ba ka ya zauna a gidan nan da sunanka. Matsayinka na nan, kuma akwai ƙari a kan kowane yaron da ka yaye." Sai ka cika. In ka san ba za ka cika ba, ka ajiye wannan jagorar tun yanzu, domin cin amana za ka yi da ita.

Idan ya yarda, ga yadda ake yi:

Ka haɗa shi da mai koyo ɗaya, ba uku ba, su yi mako biyu kafaɗa da kafaɗa. Mai koyon ya sa hannu a kwaɓin, kallo kaɗai ba ya isa.

Kada ka ce wa gwani ya ba ka bayani daga zaune. Zai ba ka rabin abin, ba don rowa ba, sauran ya zama masa jiki har ba ya ganin sa. Ka tsaya yana aiki, duk inda ya dakata ko ya taɓa ko ya shinshina, ka tambaya: "Baba, me ka duba yanzu?" Da haka muka gano cewa dattijonmu yana danna kwaɓi da yatsa, in ramin ya dawo a hankali bai cika duka ba, to ya isa shiga tanda, in ya dawo nan take, da saura.

Abin da yake ji da hannu, kai ka auna. Ya ce ruwa ya yi, ka tsoma ma'aunin zafi ka rubuta lambar. Ka yi haka kwana bakwai, za ka ga hannunsa ba ya nisa da lamba ɗaya. Wannan lambar ita ce abin da sabon yaro zai bi kafin nasa hannun ya nuna. Ka kuma rubuta masa iyaka: ruwan da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi, ɗumi ake nema ba zafi ba.

Ka ɗauki bidiyo gajere, minti biyu zuwa uku, na hannun kawai. Ka nemi izini tukuna, wasu ba sa son a ɗauke su, in ya ƙi sai a zana ko a rubuta.

A rubuta shafi ɗaya tak ga kowane aiki, da Hausar da ake yi a wurin. A sama sunan wanda aka ɗebo daga wajensa da kwanan wata. A ƙasa a bar fili don gyara. Mu shafin kwaɓi uku muke da shi, na hunturu da na bazara da na damina, domin a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, kwaɓi gudu yake yi, sai an sa ƙanƙara a ruwan, akasin abin da ake yi a Janairu.

Gwajin shafin shi ne a ba wanda bai taɓa aikin ba ya bi shi, gwani na tsaye bai ce uffan ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, shafin ne bai cika ba.

Wani zai ce, in na koya wa yara komai ai gobe su tafi su buɗe nasu. Wasu za su tafi, gaskiya ne. Ko ka ɓoye ma za su tafi, da rabin sani da cikakken haushi. Waɗanda muka yaye da hannu biyu har yau in fulawa ta yi wuya su ke kiran mu su gaya mana inda take.

Mataki na 4: Zaman minti 15

Rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya da ba ya canzawa. Mu mun zaɓi bayan sallar Azahar ranar Laraba, lokacin masu safe ba su tafi ba, masu yamma sun iso. A tsaye ake yi, a gaban allo. In aka zauna aka kawo lemo, ya zama taro, taro kuwa na masu iya magana ne.

Tambaya uku ce kullum: me ya ba mu wahala a makon nan, me wani ya gwada, me za mu gwada a mako mai zuwa. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a fara daga ƙarami a ƙare da babba, kai maigida kai ne na ƙarshe. In ka fara magana, duk wanda ya biyo baya "kamar yadda Alhaji ya faɗa" zai ce. In babban mai kwaɓi ya fara, yaransa ba za su saɓa masa ba.

Kamfanin Toyota ya kafa tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata tun 1951, bayan Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin shugabanninsa, ya ga irinsa a masana'antar Ford a Amurka. Abin da na ɗauka daga wajensu shi ne ba sa raina ƙaramar shawara. Kada ka zauna jiran dabarar da za ta ninka ciniki. A matsar da teburin awo kusa da injin murji don a daina zagaye da kwaɓi a hannu, a sa alama a buhunan da suka fara zuwa don a fara amfani da su: irin waɗannan su ne abincin zaman.

In akwai mata a sashen sa leda, kuma ka lura ba sa magana a gaban maza, ka ba su nasu zaman da shugabarsu, ta kawo abin da suka ce da sunayensu. In ma'aikatanka uku ne kacal, ba ka bukatar allo, ku yi a kan shayin safe, amma a rubuta.

Akwatin shawara mai kwaɗo, na gwada shi sau biyu. Abin da na tarar ciki ƙorafin albashi ne da tsegumi marar suna. Ban ƙara ba.

Mataki na 5: Amsa cikin kwana bakwai

Duk shawarar da ta shiga littafi sai ta samu amsa kafin zama na gaba. Amsa uku ce: mu gwada, ba yanzu ba saboda kaza, ko a'a saboda kaza. Mutum yana iya haɗiye "a'a" in an gaya masa dalili. Shiru ne yake kashe zuciya. Wanda ya tattara ƙarfin halinsa ya yi magana a gaban manya aka share shi, ya gama magana a gidan nan, kuma biyar da suka gani sun koyi darasi.

Mataki na 6: Gwada kaɗan, a auna

Wanda ya kawo shawara shi zai jagoranci gwajinta, ko da shi ne ƙarami. Kada ka karɓe ka ba babba. Ka ba shi iyaka a fili: kaya kaza, kwana kaza, kuma abu ɗaya za a canza a lokaci guda. In ka canza yis ka kuma canza lokacin gashi rana ɗaya, ko burodin ya yi kyau ba ka san wanne ya yi aikin ba. A rubuta yadda abin yake kafin gwaji, a rubuta bayansa.

Wata yarinya a sashen leda ta taɓa cewa burodin da ake dawo mana da shi da fumfuna yawanci na gashin ƙarshe ne, wanda ake gaggawar sa wa leda da sauran ɗumi don mota na jira. Muka ware gashin ƙarshe na mako guda, rabi aka bar shi ya huce sosai, rabi aka yi yadda aka saba, muka sa wa ledojin alama. Da masu shayi suka dawo da kwantai, alamar ta ba da amsa ba tare da gardama ba. Gumin da ke taruwa cikin leda ne. Muka matsar da lokacin tashin motar, muka gyara shafin da sunanta.

Wannan gyaran shafin kada a manta da shi. Dabarar da ta yi nasara ba a shigar da ita littafin "yadda muke yi" ba, wata biyu za a koma gidan jiya. Wadda ta faɗi ma a rubuta ta da dalilin faɗuwarta, don kada wani ya sake kashe fulawa a kanta baɗi.

Kamfanin 3M na Amurka tun 1948 yake barin masu bincikensa su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacinsu a kan abin da suka zaɓa. A can ne Spencer Silver ya samo wani gam marar ƙarfi a 1968, aka rasa abin yi da shi, sai a 1974 abokin aikinsa Art Fry ya ga zai yi amfani wajen maƙala 'yar takarda a littafi a cire ba tare da ta yaga shafi ba. Asalin Post-it ke nan, 'yan takardun rubutu masu gam a baya, da suka bazu kasuwa a 1980. Shekara shida gam ɗin yana ajiye ba a zubar da labarinsa ba. Ƙaramin gida ba zai iya ba da kashi 15 ba, amma awa ɗaya a mako da ragowar kwaɓi ba su fi ƙarfinsa ba.

Gargaɗi: akwai abin da ba a gwaji da shi. Duk abin da ya shafi lafiyar mai ci ko ta mai aiki, a rubuta shi a saman allo cewa ba a taɓawa. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin bromet a burodi, don haka ko wa ya zo da "maganin kumburi" marar suna, amsar a'a ce tun kafin ya gama bayani. Haka cire murfin kariya daga injin murji don a yi sauri.

Mataki na 7: Ranar da aka yi ɓarna

A nan ma'aikata za su gane ko da gaske kake. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitocin Amurka a shekarun 1990, tana zaton sassan da suka fi kyawun shugabanci za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta tarar su suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi, ashe su ne suke faɗa in sun yi, sauran ɓoyewa suke. Don haka in ka fara wannan tsari ka ga rahoton matsala ya ƙaru, kada gabanka ya faɗi. Da ma suna nan, yanzu ne kake ji.

Hanyar da nake bi ita ce ta Taiichi Ohno na Toyota: a tambayi "me ya sa" har sau biyar. Burodi ya ƙone. Me ya sa? Ya wuce lokaci a tanda. Me ya sa? Mai gashi ba ya wurin. Me ya sa? Ya je tayar da janareta. Me ya sa shi? Shi kaɗai ya iya a masu dare. Me ya sa? Ba a taɓa koya wa wani ba. Ka ga da ka tsaya a tambaya ta biyu, mai gashi za ka yanke wa albashi, mako mai zuwa a sake ƙonawa. Ta biyar ta dawo da kai kan allon mataki na 2, wajen da ka zagaye.

A yi wannan a ranar, kafin a manta, kuma da murya ƙasa. "Me ya sa" da tsawa tuhuma ce.

Ka bambanta kuskure da ganganci. Wanda ya gwada abu da izini bai yi ba, ba a cire masa ko kwabo. Wanda ya yi kuskure ya zo ya faɗa da kansa, a gode masa a gyara. Sata, ƙarya, da maimaita sakaci bayan an koyar an ja kunne, waɗannan hukunci ne, kuma sauran ma'aikata suna son su ga an yi shi.

Mataki na 8: Yabo da lada

Yabon gwani ya zama dole, kuma a gaban jama'a da sunansa. Mafi munin abin da shugaba zai yi shi ne ya ɗauki dabarar yaronsa ya kai wa maigida ko baƙi a matsayin tasa. Labarin zai zagaya kafin la'asar.

Game da kuɗi, ra'ayina shi ne kaɗan, da wuri, ga mutane da yawa. Katin waya, kuɗin cefane, hutun rabin rana. Babbar kyauta ga mutum ɗaya a ƙarshen shekara tana sa kowa ya rungume dabararsa kada a sace, alhali so kake a baje ta. In dabara ta rage kashe kuɗi sosai, a raba wani abu ga sashen duka, a ƙara wa mai ita. Ka kuma saka wa mai koyarwa kamar yadda kake saka wa mai ƙirƙira. In babu kuɗi a watan, ka faɗa musu gaskiya, ka rubuta bashi ne, ka biya.

Mataki na 9: Dubawa bayan wata uku

Ka ɗauki littattafan biyu ka ƙirga abu huɗu: shawara nawa ta shigo, daga bakin mutum nawa, nawa aka gwada, da kuma wurare nawa da ka zagaye a allo suka tashi daga mutum ɗaya zuwa biyu. Na biyun ya fi na farko faɗa maka gaskiya. In shawara talatin ce amma daga mutum uku, sauran ba su yarda da kai ba tukuna, ka koma mataki na 1. In shawarwari sun yi yawa gwaji ya yi kaɗan, kai ne ka zama cikas, sai ka ba shugabannin sashe ikon amincewa da duk gwajin da bai wuce wani adadin kuɗi ba, ba sai sun jira ka ba.

Lokacin azumi da makon sallah aiki kan sha kan kowa, zaman yakan mutu. Ka rage shi zuwa minti biyar, amma kada ka ɗage shi, domin wanda aka ɗage sau uku ba ya dawowa. Sannan ka sa ranar da za ka yi tafiyar kwana uku ka kashe waya da rana. Kafin ka tafi ka gaya musu wa ke riƙe da gida da iyakar abin da zai iya yankewa. In ka dawo, ka fara buɗe littafin gwaji kafin na kuɗi, ka ga ko an rubuta wani abu a kwanakin da ba ka nan.